Mak Piah Mai Tapai a Babbar Kotu

A Kampung Gong Serai, can bakin teku a Terengganu, abu biyu kaɗai ke sa a ji Mak Piah ta yi shiru: salla da barbaɗa yis. Ban da waɗannan, daga asuba har a rufe ƙofa bakinta ba ya hutawa. Tana magana da kaji, tana mayar wa rediyo amsa, tana ba mai kawo gas labarin da bai tambaya ba. Mijinta, Pak Deraman, yakan ce shekararsu arba'in da aure amma har yau bai samu ya ƙarasa zancen da ya fara ranar biki ba.

Sunanta a katin shaida Sepiah binti Jusoh. Shekararta hamsin da tara, talatin da ɗaya daga ciki ta yi su tana sana'ar tapai. Aikin ba shi da wuyar faɗa. A turara shinkafa mai danƙo, a baza ta a faranti ta huce, a daka farin curin yis na gargajiya a barbaɗa, a ƙunsa cokali bibbiyu a ganyen roba, a jera a kwando, a lulluɓe da tsohon zane. Ranar kwana uku da safe shinkafar ta yi laushi, ta yi zaƙi, ta tsatso wani ruwa mai ɗumama maƙogwaro. Wannan ce ranarsa. In ya kai kwana biyar sai dai a zuba wa agwagi. Saboda haka mai tapai da ba ta da abin hawa, sana'arta ba ta wuce layinsu.

Mak Piah ta gane haka tun da wuri. Da yanar ido ta raba Pak Deraman da kwalekwalen kamun kifi, ta kuma raba shi da tuƙi, ita ta shiga makarantar koyon mota tana da shekara arba'in da huɗu. Sau uku tana faɗuwa jarrabawa, a na huɗu ta ci. Ta sayi tsohuwar farar motar kaya, tun daga nan tapai ɗinta ya fara zuwa gidajen biki a gundumomi uku.

Dokoki biyu ta gada daga kakarta. Ta farko, ba a magana kuma ba a fushi yayin barbaɗa yis, in ba haka ba shinkafar za ta yi tsami. Ta biyu, kwando ba ya fita daga gida sai mai shi ta buɗe ƙunshi guda ta ci, ta kuma kurɓe ruwan da ya taru a gindin ganyen. Doka ta biyun ce ta kai ta gaban alƙali.

Wata Asabar ce a hutun makaranta, lokacin da kowane ƙauye ke da biki. An yi mata odar ƙunshi dubu da ɗari biyu, kwando goma sha huɗu. Ta ɗanɗana goma sha huɗun ba ta ko karya ba, ta loda, ta kama hanya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da ta sauka daga gada, ta tarar da shingen 'yan sanda. Wani kofur ya sunkuyo taga, ƙamshin kwandunan ya buge shi, ya ja da baya kaɗan.

"Mak Cik," in ji shi, wato Inna da yarensu, "me kika ɗauko haka?"

"Tapai ne, ɗana. Na bikin gidan Haji Embong. In ka sa na makara, kai za ka yi wa uwar amarya bayani, ni ba ruwana."

Ya miƙo mata 'yar na'urar gwajin numfashi ya ce ta busa. Ta busa tana dariya. Fitilar ta yi ja. Aka ce sai an je ofis ta sake busawa a babbar na'ura, wadda ita ce kotu ke karɓar lambarta.

A ofis aka zaunar da ita a benci ana cike takardu. Ranta ya ɓaci da jin ana ta maimaita kalmar giya a kanta, ita da ko ƙofar mashaya ba ta taɓa leƙawa ba. Da ma ta shigo da kwando ɗaya a hannu don kada a ce ta ɓoye wani abu. Sai ta ga hanya mafi sauƙi ta nuna wa yaran nan cewa abinci ne ita ce ta ci a gabansu. Ta buɗe ƙunshi ta cinye, ta kurɓe ruwan. Kuma tunda ba a cin abu a gaban mutane ba a yi tayi ba, ta miƙa wa kofur biyu. Ya karɓa ya ci, ya ce rabonsa da irin wannan tun rasuwar kakarsa. Tana cikin lasar ganyen ƙunshi na biyu aka kira sunanta. Ta shiga ta busa, na'ura ta tofo takarda da lamba sama da wadda doka ta yarda.

Dangin ango ne suka zo ofishin 'yan sanda da motarsu suka kwashi tapai. Kafin a gama cin abincin biki, baƙi ɗari takwas sun ji labari.

Shawarar da ta yi aiki da ita daga teburin shayin abokan Pak Deraman ta fito. Dukkansu sun san takardar tarar hanya, kowa ya taɓa karɓa, kowa ya san yadda ake yi: a je, a amsa, a biya, wani lokaci har rangwame ake samu. Suka ce wannan ma haka take, lauya ɓarnar kuɗi ne. Mak Piah tana da odar wani bikin a makon, ba ta da lokacin zirga-zirga. Ranar Lahadi, wadda a can ranar aiki ce, ta sa ringgit ɗari uku, kuɗin ƙasar, a jaka, ta tafi kotun majistare.

Shari'a arba'in da wani abu ke jiran alƙalin a ranar. Aka karanta mata tuhuma, aka tambaye ta. Ta ce ta amsa. Alƙali ya ce ko tana da abin faɗa na neman sassauci. A nan ya yi kuskuren buɗe famfo. Minti goma sha ɗaya ta yi tana magana. Ta fara daga kakarta, ta bi ta kan farashin shinkafa, ta sauka a bencin ofishin 'yan sanda. Alƙali yana rubutawa yana duban agogo. Da ta tsaya numfashi ya yanke hukunci: tarar ringgit dubu goma, kuma an karɓe lasin tuƙinta shekara biyu.

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta juya ta tambayi ɗan sandan kotu ko ɗari ya ce. Ya ce dubu. A yammacin nan awarwaronta shida na zinare, ajiyar shekara talatin, suka tafi shagon jingina.

Kuɗin bai ƙona mata rai kamar abin da ya biyo baya ba. Takardar kotu ta ce Sepiah binti Jusoh ta yi tuƙi cikin maye, kuma da bakinta ta amsa. Oda uku aka soke cikin mako guda. Matar liman, wadda ta aurar da 'ya'ya huɗu da tapai ɗin Mak Piah, ta aiko cewa bana za su yi da kek. Ta gwada ɗaukar shatar mota, direba na farko ya ce ruwan ya ɓata masa kujera, na biyu ya ce ba ya son a tare shi da warin nan. Farar motar tana tsaye ƙarƙashin bishiyar mangwaro, kaji suna kwana a kanta.

A kwana na goma wayarta ta yi ƙara. Wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Sin, Nyonya Teoh, wadda shekara ashirin ke nan duk Alhamis take sayen ƙunshi goma a kasuwar birni.

"Piah, mutuwa kika yi ba a gaya mini ba? Alhamis ɗin da ta wuce na zo na tarar da tebur wayam."

Mak Piah ta kwashe labari ta gaya mata. Tsohuwar ta saurara, abin da ba kowa ke iyawa ba, sannan ta ce, "Gobe ki zauna a gida. Na kashe kuɗi na koyar da yarinya aikin lauya, bari mu ga ko ta iya wani abu."

Washegari da hantsi wata mota ja ta tsaya a ƙofar gida. Teoh Siew Ling, 'yar tsohuwar, ta fito, siririya, ba ta fi talatin da biyar ba, tana magana da harshen bakin teku kamar 'yar masunta. Ta cire takalmi, ta gaishe da Pak Deraman, ta ƙi zama sai da ta ga takardar hukunci. Ta duba kwanan wata, ta ƙirga da yatsu.

"Mak Cik, kwana goma sha huɗu ake ba mutum ya ɗaukaka ƙara. Yau na sha ɗaya. Gobe Juma'a, jibi Asabar, babu aiki, ni kuma ba na wasa da ranar ƙarshe. Ofishin kotu yana rufe karɓar takardu ƙarfe uku da rabi. Gaya mini da sauri, me kika ce wa alƙali?"

"Na ce na amsa."

Siew Ling ta runtse ido. "Wanda ya amsa laifi, hukuncin kawai yake iya ƙalubalanta, tarar nan kuwa ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta sa. Iyakar abin da kika faɗa ke nan?"

Pak Deraman ya ajiye kofin shayinsa yana dariya har da tari. "Iyaka? Yarinya, kin taɓa ganin matar nan ta faɗi kalma uku ta tsaya? Ni da ke bayan kotu har gyangyaɗi na yi, na farka tana kan batun ganye."

"Abang," in ji Mak Piah, don haka take kiran mijin nata, "ka yi mini shiru. Kai da abokan shayinka kuka kai ni kuka baro."

"Me kika ce game da ganye?" in ji Siew Ling.

"Ba komai. Na dai gaya masa ban taɓa shan giya ba tunda aka haife ni, tapai na ci. Na ce ko a ofishinsu sai da na ci biyu a gabansu don su gani, kofur ma ya ci biyu, bai kuma biya ba, ni ban ce ya biya ba."

Lauyar ta ajiye biro a hankali. "Kin ci a ofis? Yaushe?"

"Ina tauna aka kira ni."

"Kina tauna. Babu wanda ya ce ki jira, ko ki kuskure baki?"

"Jiran me? Sauri suke yi, ni ma sauri nake."

"Kuma duk wannan kin faɗa wa alƙali a kotu?"

"Har da sunan kakata."

Siew Ling ta miƙe tsaye, fuskarta ta canza. Ta yi bayani cikin gaggawa tana tattara takardu. Na'urar nan iskar huhu take son aunawa. Wanda bakinsa ke jiƙe da ruwan tapai, bakin za ta auna, shi ya sa ƙa'ida ta ce a bar mutum kamar minti ashirin babu komai a bakinsa. Na biyu kuma, wanda ya ce ya amsa laifi sannan ya ci gaba da bayanin da ke nuna bai yi ba, to bai amsa ba ke nan, kamata ya yi alƙali ya ƙi karɓa ya sa ranar sauraron shaidu. Amma babbar kotu ba ta aiki da abin da aka tuna, sai abin da aka rubuta. In alƙali bai rubuta jawabin ba, babu shi.

"Akwai kuma abin da dole in gaya miki, Mak Cik. In aka soke hukuncin, sabuwar shari'a za a yi. In kika faɗi a can, tarar tana iya ƙaruwa, doka ma ta ba da damar ɗauri. Kina iya haƙura, shekara biyu ba ta da yawa."

Mak Piah ta leƙa ta taga ta dubi motarta da kashin kaji a gilashi. "Shekara biyu za ta wuce, takardar nan ba za ta wuce ba. Jikokina za su karanta ta. Ɗauko mini mayafina, Abang. Kai kuma ka sa riga mai maɓalli, birni za mu."

Sun isa ofishin kotu saura minti ashirin da biyar a rufe, bayan Mak Piah ta yi wa lauyarta gyaran tuƙi tun daga ƙauye har bakin ƙofa. Aka buga hatimi a takardar. Mak Piah ta karɓa ta shinshina tawadar, ta ce ƙamshinta ya fi na takardar hukunci.

Wata biyu da rabi aka yi ana jiran kundin zaman kotun majistare. A tsakanin nan Mak Piah ba ta zauna ba. Ta rage aiki zuwa kwando biyu, tana hawa motar haya da su a cinya zuwa kasuwar Alhamis, duk fasinjan da ya zauna kusa da ita kuma sai ya sauka ya san ƙa'idar minti ashirin. Ta gaya wa mai kifi, ta gaya wa malamar asibiti da ke auna mata jini. Maganar ta zaga ƙauye ta dawo da ƙari, har aka fara cewa lauyar Mak Piah za ta kai na'urar kanta ƙara.

Ranar da kundin ya fito, Siew Ling ta bugo waya.

"Mak Cik, shafi goma sha ɗaya ne. Bakwai naki ne. Bawan Allah ya rubuta komai, har farashin shinkafa. Ga benci, ga kofur, ga 'ina tauna aka kira ni'. Allah ya yi wa hannunsa albarka."

Mak Piah ta riƙe wayar ta juya wajen mijinta. "Ka ji ko? Shekara arba'in kana cewa surutuna ba ya da amfani. Gwamnati ta buga shi a takarda."

"Shafi bakwai kawai? Ashe ya gaji ya taƙaita."

Aka sa rana a babbar kotu. Ƙauye ya ɗauka kamar bikinsa. Matan majalisin karatu suka yi karo-karo suka ɗauki shatar bas, har da waɗanda suka soke oda, har da matar liman, wadda ta ce ita da ma tana da sayayya a birni. Abokan shayin Pak Deraman suka zauna a kujerar baya, kowa yana cewa shi tun farko ya ce a nemi lauya. Mak Piah ta sa rigarta kore ta zuwa biki. Ta fito da ɗan kwando a lulluɓe.

Siew Ling ta tare ta a matakalar kotu, sanye da baƙar rigar lauyoyi. "Mene ne wannan?"

"Na alƙali ne. Ƙunshi ashirin. Ya ci da kansa ya gani."

"Mak Cik, irin wannan gwajin ne ya kawo mu nan. Ba wa mijinki ya mayar bas. Sannan ki saurare ni. A ciki ni ce mai magana. Duk abin da wancan lauyan ya faɗa, ko ya ce ke ce kika ƙirƙiro giya, ba ki da baki."

"Ko ya yi ƙarya?"

"Ko ya yi ƙarya. Ki ɗauka yis kike barbaɗawa. In kika yi magana, shari'ar za ta yi tsami."

Mak Piah ta miƙa wa mijinta kwandon. Wannan yaren ta san shi.

Alƙalin dattijo ne mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci. Siew Ling ta gabatar da buƙatu biyu: a soke hukuncin gaba ɗaya, in kuma kotu ba ta ga haka ba, a sake duba tarar da karɓe lasin. Sannan ta ɗauki kundin ta fara karanta jawabin Mak Piah kalma bayan kalma, da muryar lauya, babu murmushi. Da ta zo inda aka ce kofur ya ci biyu bai biya ba, wata dariya ta kufce daga kujerun matan ƙauye, ɗan sandan kotu ya harare su. Alƙali ya sa hannu ya rufe bakinsa kamar mai gyaran gashin baki.

Mai gabatar da ƙara ya tashi. Saurayi ne mai tsabtar magana. Ya ce an karanta mata tuhuma da harshenta, ta ce ta amsa, babu wanda ya tilasta ta. Ya ce da bakinta ta faɗi cewa ta ɗanɗana kwando goma sha huɗu kafin ta hau mota, doka kuma ba ta tambayi ta inda abin ya shiga jini ba, ko ta kwalba ko ta ganye. Ya ce tapai da ya wuce lokacinsa, kowa ya sani, ba shi da maraba da barasa.

Mak Piah ta damƙe gefen akwatin da take tsaye a ciki. Tapai ɗinta bai taɓa wuce lokacinsa ba, ko sau ɗaya a shekara talatin da ɗaya. Ta dubi Siew Ling, ta ga bayanta kawai. Sai ta sunkuyar da kai, ta fara murza babban yatsa da manuni a hankali kamar mai barbaɗa gari a faranti. Pak Deraman, da idonsa ba ya gani sosai, ya tambayi na kusa da shi ko suma ta yi.

Siew Ling ta ba da amsa a taƙaice. Ta ce ko kwando goma sha huɗun sun kai jini ko ba su kai ba, abu ne da shaidu za su nuna, kuma daidai wannan damar ce ba a ba matar ba. Lambar da ke takarda an same ta ne daga bakin da ke tauna.

Alƙali ya juya shafuka ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dubi Mak Piah ta saman tabarau.

"Puan Sepiah, tambaya ɗaya, ba ta cikin shari'a. Na shinkafa kike yi ko na rogo?"

Duk wanda ya zo daga Gong Serai ya san an sake taɓo famfo. Mak Piah ta dubi lauyarta. Siew Ling ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Shinkafa, ya mai shari'a."

Ta tsaya a nan. Matar liman ta ce daga baya wannan ne abin mamaki mafi girma da ta gani a ranar.

Hukuncin bai ɗauki minti biyar ba. Alƙali ya ce wanda ya ce ya amsa, sannan ya yi shafi bakwai yana bayanin cewa bai aikata ba, ba a ce ya amsa laifi ba. Ya soke hukuncin da tarar, ya ce a mayar mata da kuɗinta da lasinta, a mayar da shari'ar gaban wani majistare a saurari shaidu. Ya ƙara da cewa bai ce ba ta da laifi ba, cewa ya yi ba a tambaya yadda ya kamata ba.

A matakala matan suka rufe ta. Wata ta fara guɗa, ɗan sanda ya ce a bari sai an fita harabar. Mak Piah ta rama shirun awa guda a cikin bas, tun daga birni har gada. Kwandon alƙali kuwa ba a kai gida da ko ƙunshi ɗaya ba, kuma matar liman uku ta ci.

Saura sabuwar shari'ar, wadda ita ce Siew Ling ta fi jin tsoro. Makonni bakwai Mak Piah tana tuƙi da lasin da ba ta san ko zai kwana a jakarta ba. Ranar da aka koma, mai gabatar da ƙara ya tashi ya ce sun janye tuhuma. An ɗauki bayanin kofur, ya kuma faɗi gaskiya: matar ta ci a gabansa, ba a yi minti ɗaya ba ta busa, shi ma ya ci, kuma yana da daɗi. Babu wani gwajin jini da aka yi a ranar. Alƙali ya sallame ta. A bakin ƙofa ta ga kofur ɗin yana ƙoƙarin sulalewa, ta kira shi ta tambayi sunan kakarsa da ƙauyensu, ta riƙe shi minti ashirin cif.

Awarwaron shida sun dawo hannunta bayan wata guda. Siew Ling ta karɓi rabin kuɗin aikinta, sauran ta ce uwarta ta riga ta yi ciniki: ƙunshi goma duk Alhamis, a kai har gida. Oda ta dawo ta fi da, don yanzu masu biki suna son a ce tapai ɗinsu shi ne wanda ya je babbar kotu.

Abu ɗaya ya canza a gidan. Siew Ling ta gaya mata ba tare da wasa ba cewa saurayin nan mai gabatar da ƙara bai yi ƙarya duka ba: kwando goma sha huɗu a cikin da babu komai ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba kullum ake samun alƙali mai rubuta shafi bakwai ba. Mak Piah ta kwana biyu tana juya maganar. Dokar kakarta ta ce sai mai kwando ta ɗanɗana. Ta yanke cewa miji ma ai yana da rabo a kwando.

Yanzu duk ranar kai kaya, Pak Deraman ke zama a kan tabarma da kwanduna a jere gabansa. Ita tana tsaye da makullin mota a hannu, ta ci shinkafa da kifi ta ƙoshi, ba ta taɓa ko ganye ba. Yakan buɗe ƙunshi, ya tauna a hankali, ya kurɓe ruwan, ya lumshe ido ya daɗe.

"To? Ya nuna?"

"Ban tabbata ba. Miƙo wani."

"Abang, harshen da ya shekara hamsin yana cin busasshen kifi ne zai ce bai tabbata ba? Na huɗu ke nan daga kwando ɗaya."

"Aikin gwamnati ba a gaggawa. Ke dai je ki tayar da mota."

Takan tafi tana mita, ta kori kaji daga kan gilashi, ta zauna ta duba jakarta ta tabbatar lasin yana nan. In ta zo shingen bayan gada, tun kafin a tsayar da ita take sauke gilashi ta ce a kawo abin busawar. Yawancin 'yan sandan sun san farar motar. Sukan ɗaga mata hannu ta wuce da sauri, don wanda duk ya tsayar da ita sai ya ji labarin tun daga kakarta.